HOTO A KAN YADIN KAMBAS: YADDA AKE SHIRYA SHI DA YADDA AKE YANKE MASA KUƊI

Duk wanda ya shiga zauren wani mai hali a kwanakin nan, ko ofishin hedimasta, ko ɗakin amarya, da wuya ya fita bai ga wani irin hoto rataye a bango ba, wanda ba shi da gilashi, ba kuwa a kan takarda aka buga shi ba. A kan yadi mai kauri yake, irin wanda ake kira kambas, an ɗame shi bisa katako kamar yadda ake ɗame fata a bakin ganga. Samari da yawa sun kama wannan sana'a, cikinsu har da 'ya'yan masu karatunmu da ɗalibansu. Akawuna da malaman makaranta kuwa su ne kan gaba wajen saye, domin su ake ɗora wa aikin nemo hoton da za a rataya a ofis, ko wanda za a ba abokin aiki ranar sallama.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana, wani abu ne da muka gani da idonmu. Malaman wata makaranta suka yi karo-karo don su girmama hedimastansu da ya gama aiki. Suka zaga kasuwa, suka zaɓi yaron da ya fi kowa rangwame, ya buga musu hoton dattijon babba. Ranar biki kowa ya yaba. Kafin damina biyu ta wuce fuskar ta koɗe, farar rigar ta koma ruwan ƙasa, katakon ya karkace har hoton ya ƙi zama daidai a bango. Da aka je neman yaron sai aka tarar ya rufe shago, jarinsa ya karye. Watau mai saye ya yi hasara, mai sayarwa ya yi hasara, tushen kuwa ɗaya ne: an yanke kuɗi ba tare da lissafi ba, sa'an nan aka rage ingancin aiki don ya yi daidai da kuɗin. Da ma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

ASALIN ABIN

Ɗame yadi bisa katako don a yi zane a kansa tsohuwar dabara ce ta masu zanen hannu, wadda ta bazu a birnin Benis na Italiya cikin ƙarni na 16. Ɗaukar hoto kuwa a 1839 ne aka bayyana ta ga duniya a Faransa, bisa hanyar da Louis Daguerre ya tsara. Sana'o'in nan biyu sun daɗe kowace tana bin hanyarta, sai da aka sami injunan da ke fesa tawada ɗigo-ɗigo bisa umurnin kwamfuta. A 1991 wani mai buga hotuna a Kalifoniya ta Amurka, Jack Duganne, ya raɗa wa irin wannan bugu mai inganci suna daga Faransanci, wanda ake furtawa kamar "jikile". Daga nan injunan suka yi ta sauƙi, har suka iso shagunan garuruwanmu. To, inji ya iso, saura sanin aikin da sanin lissafinsa.

TUN DAGA HOTON KANSA

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Hoton waya ko na kyamara ƙananan ɗigogi ne jere, waɗanda ake kira fiksel, yawansu kuwa shi ke nuna iyakar girman da za a iya buga shi. Ga takarda mai santsi akan so ɗigo 300 a kowane inci. Kambas yana da saƙa mai ɓoye ƙananan aibobi, kuma daga nesa ake kallonsa, saboda haka ɗigo 150 sun wadatar. Hoton da ke da ɗigo 4000 a tsawo da 3000 a faɗi, watau irin na waya mai megafiksel 12, in an raba da 150, zai ba da inci 26 da 'yan kai a tsawo, da inci 20 a faɗi. Wannan lissafi ne da ɗan firamare zai iya yi, amma masu sana'a da yawa ba su yinsa.

Babban abin da ke ɓata aiki shi ne hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba, domin manhajar tana matse shi ya koma kimanin ɗigo 1600 a tsawo. Wannan bai fi inci 11 ba in ana son ya fita sarai. In aka ja shi ya kai inci 30, kowane inci zai sami ɗigo 53 kaɗai, sai fuska ta fito dishi-dishi kamar ana hangen mutum cikin hazo. Maganin abin shi ne a turo hoton a matsayin fayil, ko a kwafo shi daga wayar da ta ɗauka. In kuwa mai hoto ba shi da wani sai wannan ƙarami, kamar hoton mahaifi da ya rasu, lalle ne a gaya masa gaskiya tun farko, a ba shi shawarar girman da zai yi kyau. Manhajojin zamani suna iya ƙara ɗigogi, amma ƙirƙiro su suke yi, wani lokaci har kamannin mutum su sāke. Kada a buga irin wannan sai iyalin sun duba sun ce shi ne.

Sa'an nan akwai maganar fasali. Yawancin wayoyi suna ɗauka ne kashi 4 bisa 3, wanda ya dace da inci 12 da 16, ko 18 da 24. Manyan kyamarori kuwa kashi 3 bisa 2 suke ɗauka, wanda ya dace da 20 da 30, ko 24 da 36. Wanda ya nemi 16 da 20 tilas a yanke wani ɓangare na hotonsa. Gara a nuna masa inda za a yanke, da a kawo masa hoton taron makaranta babu malamin da ya tsaya a gefe.

Haka nan launi. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, yadi kuwa hasken ɗaki yake jira, don haka bugu yakan fi abin da aka gani a kwamfuta duhu. Wannan ya shafe mu ƙwarai, gama hotunanmu galibi baƙar fata ce cikin farar riga. In aka ƙara haske don fuska ta fito, aikin allurar da ke wuyan riga ya ɓace, in aka rage don aikin ya fito, fuska ta nutse. Gwani yakan gyara kowanne dabam, ya yi amfani da ma'aunin launi da masu yadin suka tanada don irin injinsa, kāna ya buga ɗan yanki na fuska da wuyan riga ya duba a hasken rana kafin ya saki babban bugu. Yadin da gwajin zai ci bai kai tafin hannu biyu ba.

YADI, TAWADA DA KATAKO

Kambas na gaskiya saƙa ce ta auduga, ko ta zaren roba, ko gaurayensu, an shafe fuska ɗaya da abin da ke riƙe tawada. Ana auna kaurinsa da giram a murabba'in mita, masu kyau sukan kama daga wajen 300 zuwa sama da 400. Muna jan kunnen masu saye a nan: ledar nan da ake buga hotunan 'yan takara da tallar shaguna ba kambas ba ce, ko da an ɗame ta a katako. A juya bayan hoton a duba, in babu saƙa, leda ce, kuɗinta kuma dabam ne.

Tawadar da ake gaurayawa da ruwa iri biyu ce. Akwai mai narkewa kamar rini, tana da araha da ƙyalli, amma hasken rana yana cinye ta da sauri. Akwai kuma mai garin launi, wadda ƙwayoyinta ke zama bisa yadi, ita ce ke jure shekaru masu yawa a cikin ɗaki. Bayan bugu da irin wannan tawada akan bar yadi ya sha iska kamar kwana ɗaya, sa'an nan a shafa masa ruwan kariya da ake kira banish. Shi ke tsare launi daga ƙura da danshi, shi ke kuma hana tawada tsagewa a wurin lanƙwasa. Mai gaggawa da ya tsallake wannan mataki zai ga fararen layuka a kusurwoyi tun hoton bai bar shago ba.

Katako kuwa shi ne ƙashin bayan aikin. A ƙasarmu yana shan wahala biyu a shekara: da damina ya sha danshi ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke. Ɗanyen katako ba ya jure wannan, sai ya murɗe, yadi ya saki. Saboda haka a nemi busasshe, a shafa masa maganin gara, a sa kafinta ya ɗan tada bakinsa na waje don kada yadi ya kwanta a kansa ya fito da layi. Hoton da ya wuce inci 30 yana bukatar sanda a tsakiyar bayansa. Wajen ɗamewa, daga tsakiyar kowane gefe ake fara buga ƙusa, a koma gefen da ke fuskantarsa, a yi ta bi har kusurwa, sa'an nan a naɗe kusurwoyi a ƙarshe. In an ƙwanƙwasa da yatsa ya yi ƙara kamar ganga, aiki ya yi.

Kaurin katakon yakan zama kashi uku cikin huɗu na inci, ko inci ɗaya da rabi, hoton kuma yana zagayawa ya rufe gefen. Wanda bai yi tanadin wannan ba sai ya ga hular mutum ko rawaninsa ya koma saman katako. Dabara ita ce a ƙara wa hoton baki a kwamfuta, ko da launi ɗaya, ko da maimaita gefensa kamar a madubi, yadda fuskar hoton za ta tsaya cikakkiya.

LISSAFIN DA KE KARYA JARI

Yanzu mu zo ga inda akawu zai fi kowa jin daɗi. A ɗauki naɗin yadi mai faɗin inci 24 da tsawon ƙafa 40, watau inci 480. Murabba'insa 11,520 ke nan. Hoto mai inci 16 da 20 murabba'insa 320, sai sabon shiga ya raba ya ce zai fid da hotuna 36. Ina! Kowane gefe yana bukatar inci ɗaya da rabi na kaurin katako, da wani inci ɗaya na kamawa a baya. Hoton ya zama 21 da 25 ke nan. Ragowar inci 3 na faɗin naɗin shara ce. Saboda haka kowane hoto yana cin inci 25 na tsawon naɗi, 480 kuwa in an raba da 25 hotuna 19 ne da ɗan guntu. Wanda ya yi lissafi da 36 ya ɗauki yadinsa a kusan rabin kuɗinsa.

Bari mu yi misali da kuɗi. Alƙaluman nan namu ne na misali, kowa ya sa na kasuwarsa a madadinsu. Mu ƙaddara an sayi naɗin ₦95,000, kowane hoto ya ci ₦5,000. Tawada ₦2,000, katako da ladan kafinta ₦3,500, banish da ƙusoshi da maratayi da takardar naɗewa ₦1,500. Jimla ₦12,000. A nan ne yawancin samari suke tsayawa, su ce ₦18,000, suna murna sun ci ribar ₦6,000.

Amma shago ba kyauta yake zaune ba. Akwai haya, da man janareta, da kuɗin intanet, da abin da za a riƙa ajiyewa don ranar da inji zai mutu. Mu ƙaddara duka ₦120,000 ne a wata, ana kuwa buga hotuna 40, kowanne ya ɗauki ₦3,000. An kai ₦15,000. Sa'an nan ba mai sana'ar da aiki ba ya ɓaci a hannunsa: wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu, ko bakin inji ya toshe ya ja layi. A ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda wannan, watau ₦1,500. A ƙarshe ladan hannun mai aikin, na gyaran hoto da ɗamewa da kai-kawo da mai saye, mu ce ₦3,500. Ainihin abin da hoton ya ci ₦20,000 ne. Ashe mai sayarwa ₦18,000 bai ci ribar ko kwabo ba, ladan hannunsa ma ₦1,500 kaɗai ya samu. Cikin wata guda ya rasa ₦80,000 daga abin da ya kamata ya shigo kafin a fara maganar riba. Ranar da inji ya tsaya, ranar sana'a ta tsaya.

Bisa wannan ₦20,000 ne ake ɗora riba, a nan ma akwai tarko. Wanda ya ƙara rabin kuɗin ya sayar ₦30,000, ribarsa ₦10,000 ce, watau sulusin kuɗin da ya karɓa. In yana son rabin abin da ya karɓa ya zama riba, sai ya sayar ₦40,000. Muhimmancin wannan yana fitowa wajen tayi. In mai saye ya nemi ragin kashi 20 cikin 100 daga ₦30,000, ₦6,000 ke nan, ribar ta sauko daga ₦10,000 zuwa ₦4,000. Ragin da ake gani ɗan kaɗan ne ya cinye kashi 60 cikin 100 na riba. Wanda ya san iyakarsa shi ke iya cewa albarka da sakin fuska, ya kuma san lokacin da zai sallama.

A kula kuma da girma. Hoto mai 16 da 20 ba ninki biyu ne na mai 8 da 10 ba, ninki huɗu ne, 320 da 80. Duk da haka ƙaramin hoto ba zai zama rubu'in kuɗin babba ba, domin gyaransa da naɗe kusurwoyinsa huɗu lokaci ɗaya suke ci. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa wani kuɗi tsayayye na aiki a kan kowane hoto, a ƙara na kaya bisa ga girmansa, a rubuta jadawalin girma huɗu ko biyar a manna a bango. Mai ɗaukar hoto da ba shi da inji, yana kai wa wasu su buga masa, shi ma lissafinsa ke nan: kuɗin masu bugu shi ne kuɗin kayansa, sa'an nan ya ɗora sufuri da lokacinsa da darajar hoton da ya ɗauka.

Wani darasi kuma mun koye shi a 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni. Yadi da tawada daga waje ake shigo da su, sai kuɗinsu ya tashi. Waɗanda suka ci gaba da sayarwa bisa kuɗin da suka sayi tsohon naɗi sun wayi gari cinikinsu bai isa sayen sabo ba. Ƙa'ida ita ce a yi lissafi da abin da za a biya in za a sake sayen kayan yau, a kuma sa ranar ƙarewa ga duk kuɗin da aka faɗa wa mai saye.

ALKAWARI DA HAƘƘI

Hoton wani ba ya sayuwa ga wani. In mai shi ya fasa, aikin ya zama shara. Saboda haka kafin alƙalami wajibi ne, aƙalla abin da zai biya kuɗin kaya, tare da rasit mai nuna girma, da irin yadi, da irin tawada, da ranar karɓa. A nuna wa mai saye samfurin ƙarshe ya amince kafin a buga, musamman in akwai rubutun suna ko muƙami. Shi kuma mai sana'a, tun da ya karɓi kuɗi, ya tuna kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. In aibi daga wajensa ne, ya sāke bugawa ba gardama, da ma ya riga ya sa kuɗin haka cikin lissafi.

Akwai kuma doka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare hotuna kamar yadda ta kare littattafai. Kwaso hoton da wani ya ɗauka daga intanet a buga a sayar, ba da izninsa ba, cin haƙƙi ne. Haka nan bai kamata a rataya hoton matar mutum ko 'yarsa a ƙofar shago don talla ba sai da yardarsu. Wannan ko ba doka, mutunci ya hana.

Muna kuma ba masu ɗaukar hoto shawara su adana asalin hotunansu a wuri biyu. Seydou Keïta na Bamako ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗaukar mutanen gari a kan 'yan kuɗi kaɗan, amma ya ajiye fina-finansa da kyau. Bayan shekaru da dama aka buga su manya, aka nuna su a Faris a 1994, sunansa ya zaga duniya. Da ya zubar da su, da ba abin da za a buga. Mai shago na yau ma, wanda ya adana hoton biki, shi za a dawo wa bayan shekara goma.

GA MASU SAYE

Ku da za a aika neman hoto da kuɗin ofis ko na karo-karo, tambayoyi huɗu sun ishe ku. Yadi ne ko leda? Wace irin tawada? An shafa banish? Katakon busasshe ne? Wanda ya san aikinsa zai amsa ba inda-inda, ya ma nuna muku wani da ya yi bara ku gani. In kun karɓa, kada ku rataya shi inda rana ke dukansa, ko bangon da ke tsatsafo da ruwa, ko kusa da hayaƙin madafa. Ƙura kuwa da busasshen ƙyalle mai laushi ake share ta.

In mutum uku suka faɗi kuɗi kusa da juna, na huɗu ya faɗi rabi, ku tambayi kanku abin da ya cire. Malamai kuma, in ɗalibinku ya kama wannan sana'a, ku zaunar da shi da takarda da alƙalami, ku bi lissafin nan tare layi-layi da kuɗin kasuwarku. Rabawa da tarawa ne kawai, irin waɗanda kuka koya masa a aji, su ne kuwa za su sa shagonsa ya kai baɗi a buɗe.